Dashen Ɓargo da Sankarar Jini: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

A zaurukan WhatsApp na mutanen Adar, inda na gida ke haɗuwa da ƴan ci-rani na Abijan da Libiya, ana yawan tura tallar wani gari cikin ƴar leda, wai a zuba a ƙarƙashin harshe. Masu tallar na cewa yana ɗauke da ƙwayoyin tushe, waɗanda ke warkar da sankarar jini, da sikila, da ciwon sukari, har da shanyewar jiki.

Ƙwayoyin tushe gaskiya ne. A cikin ɓargo suke zaune, kuma su ke haifar da dukkan ƙwayoyin jini: jajaye masu ɗaukar iska, farare masu yaƙi da cuta, da masu tsayar da zubar jini. Jar ƙwaya ba ta wuce kwana 120 a raye, shi ya sa ɓargon babban mutum ke fitar da sababbi kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Sankarar jini na farawa ne idan wannan aiki ya rikice, gurɓatattun ƙwayoyi suka cika ɓargo suka danne na kirki.

Gaskiya ne kuma ana warkar da wasu da ƙwayoyin tushe. Likita kan fara kashe ɓargon mara lafiya da magani mai ƙarfi, kamar manomin da ya share gona kafin ya zuba sabon iri, sannan a ɗaura masa ƙwayoyin mai bayarwa ta jijiya, yadda ake ƙarin jini. Su da kansu suke bin hanya su shiga ƙashi. Likitan Faransa Georges Mathé ya yi wa wasu masana na Yugoslabiya da tururin nukiliya ya taɓa irin wannan dashe a 1958, Donnall Thomas na Amurka kuma ya samu kyautar Nobel a 1990 a kan aikin.

To garin ledar fa? Yawancinsa daga tsirrai irin su tuffa ake haɗa shi. Ƙwayar tuffa ba ta zama jinin mutum, kuma busasshiyar ƙwayar da aka haɗiye, ciki zai narkar da ita kamar kowane abinci. Illar ba ta tsaya ga kuɗi ba: akwai nau'in sankarar jini da ke kisa cikin makonni, wata biyun da aka ɓata ana jiran gari ya yi aiki na iya zama duk damar da yaro ke da ita.

Jita-jita ta biyu ta fi ɓarna, domin tana korar ƴan'uwa. Ana cewa wanda ya ba da ɓargo zai gurgunce ko ya daina haihuwa. An rikita ɓargo da laka ne. Ba a taɓa lakar gadon baya ko kaɗan. Daga ƙashin ƙugu ake zuƙo shi da allura bayan an sa wa mutum maganin barci, ko kuma a yi masa allurai na ƴan kwanaki sannan na'ura ta tace ƙwayoyin daga jininsa. Zai ji tsamin ƙugu da gajiya, cikin ƴan makonni ɓargon ya mayar da abin da aka ɗiba. Barazanar rashin haihuwa tana kan mara lafiyan ne, saboda ƙarfin maganin da aka ba shi. Ba kuma daga cikin da aka zubar ake samo ƙwayoyin ba; ban da ɓargo da jini, sai jinin cibiya bayan an haihu lafiya, wanda aka fara dasawa a Paris a 1988.

Kowane ɗan'uwa zai iya bayarwa? A'a. Ko a tsakanin shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa sosai ɗaya ce cikin huɗu. Ko an dace, sabon ɓargon na iya juyowa ya yaƙi fata da hanta da hanjin wanda aka dasa wa, kuma akwai masu rasa rai.

Batun sikila akwai ƙamshin gaskiya. A 1984 likitoci a Memphis ta Amurka suka bayyana labarin wata yarinya mai sankarar jini da sikila gaba ɗaya. Dashe ya kawar da duka biyun. A 2011 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin ya yi dashen farko na mai sikila a Najeriya. Amma sikila gado ce, ba ta rikiɗewa ta zama sankara, sankarar jini kuwa ba a ɗaukar ta ta kwano ko shimfiɗa.

Ba kowane mai cutar ke buƙatar dashe ba. Yara da dama na warkewa da magani kawai, wani nau'in kuma ƙwayar imatinib ke riƙe shi shekara da shekaru. Ga iyali a Keita ko Buza ko Illela, alamun da za a lura da su su ne zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da ɗashewar ido da tafin hannu, da jini a dasashi, da kaluluwa. Gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini a babban asibitin jihar Tawa shi ne matakin farko, daga nan likita zai iya tura mara lafiya Yamai, inda cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa take.