Ranar wasan Sokoto United: bayani ga mai zuwa kallo daga bakin iyaka

Jama'a masu sauraro, a shirinmu na wasanni an yi ta kiran waya ana tambaya iri ɗaya: in mutum ya taso daga Ƙonni ko Illela yana son ganin wasan Sokoto United da idonsa, yaya zai tsara ranar? Ga abin da muka faɗa, mun sa shi a takarda saboda wanda yana kasuwa ko yana bayan shanu lokacin da shirin ya wuce.

Da farko ka san inda ƙungiyar take. Ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne. A sama akwai Firimiya, mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta sai rukuni na biyu da ake kira NNL, inda Sokoto United ta daɗe tana bugawa, gidanta filin wasa na Giginya a cikin birnin Sakkwato. A wannan rukuni ana raba ƙungiyoyi, na Arewa daban na Kudu daban, don a rage tsawon tafiya da kuɗin mota. Nasara maki 3 ce, kunnen doki maki 1. Waɗanda suka ƙare a sama su ke neman hawa Firimiya, na ƙasa kuma su gangara rukuni na uku. Shi ya sa za ka ga dattijo yana zufa saboda maki ɗaya tal.

To, babban abin da ya raba wannan rukuni da ƙwallon Ingila da kake gani a gidan kallo shi ne rana ba ta da tabbas. Ana ɗage wasa, ana sauya fili, wani lokaci baƙi su makara a hanya. Saboda haka ka yi masa irin shirin da kake yi wa kaya: ba ka ɗaukar mota sai ka kira dillalinka ka ji kasuwa. Ka kira wani na cikin gari da safen ranar, ko ka duba shafin ƙungiyar a Facebook, kafin ka biya kuɗin mota. In wasan ya faɗo Lahadi kuwa, ka san ya ci karo da kasuwar Illela. Alhaji, nan lissafin naka ne, mu dai ba za mu ce ka bar ciniki don tamaula ba.

Daga Illela zuwa Sakkwato kilomita 80 ne da 'yan kai, ta Gwadabawa da Kware. Agogon Nijar da na Najeriya ɗaya ne, babu ruɗani a nan. Mutumin Ƙonni ya riƙe takardunsa, ya kuma canja sefarsa zuwa naira tun a bakin iyaka, don mai tikiti da mai ruwan leda ba su san sefa ba. Yawanci ƙarfe 4 na yamma ake take wasa. Ka isa da wuri, ka yi la'asar ɗinka, ka nemi gefen da inuwa za ta sauka. Wanda ya taɓa zama a kan siminti a Sakkwato cikin watan Afrilu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Kuɗin ƙofa ba shi da yawa. Abin da za ka samu a ciki ne gidan kallo ba zai ba ka ba. Kana jin muryar mai tsaron gida yana yi wa 'yan bayansa tsawa. Kana ganin koci yana jifa da hula. 'Yan wasan kuma ba baƙi ba ne: wani ɗan unguwar da kake sauke kaya ne, gobe ka gamu da shi a kan babur. Da yawansu albashinsu kaɗan ne, wani lokaci ma ya makara, don mafi yawan ƙungiyoyin Arewa gwamnatin jiha ce ke riƙe da su. Ka tuna da wannan kafin ka zagi yaron da ya zubar da ƙwallo a gaban raga.

Yanzu ga wurin da nake so mu tsaya sosai. A ƙwallon Najeriya cin wasa a waje abu ne mai wuya. Baƙi sun kwana a mota, fili ba nasu ba, jama'a ba tasu ba. Don haka masu gida ke ganin maki 3 na gida kamar gadonsu ne, in aka tashi canjaras sai rai ya ɓaci, a fara neman alƙalin wasa. Ai kuwa wannan ɓacin ran ƙungiyarka yake ci, ba baƙi ba. A watan Afrilun 2022, bayan hargitsin da ya tashi a wasan Kano Pillars da Katsina United a Kano, an cire wa Pillars maki 3, aka ci ta tarar kuɗi, aka kuma hana ta wasa a gida. Ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗo NNL, Katsina United ma haka, sai a 2023 suka koma sama tare. In Pillars mai ɗimbin magoya baya ta ji jiki, ina ga ƙaramar ƙungiya? Dutse ɗaya da yaro ya jefa zai iya sa a kai wasannin gida wata jiha, kai da ka taso daga Ƙonni ka rasa abin kallo, mai tsire da mai rake a bakin fili su rasa ciniki. In ka ga an fara jifa, ja yaronka ku nufi ƙofa, kar ka tsaya raba faɗan da ba ka san tushensa ba.

Kada kuma wani ya ce maka wannan rukuni wasan yara ne. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri tana NNL ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa, ta doke Abia Warriors ta Firimiya da ci 2 da nema a Legas.

Saura komawa gida. Wasa minti 90 ne, ga hutun minti 15, ga ƙarin lokaci, ka ga an doshi ƙarfe 6, magariba ta kawo kai. Ni a ganina mutumin bakin iyaka ya zaɓi ɗaya tun da safe: ko ya yi magana da direba su tashi da zarar an busa, ko ya kwana wurin maigidansa a gari ya kama hanya da asuba. Tafiyar dare a wannan yanki namu ba abin wasa ba ce yanzu.

Ku kuma 'yan uwa makiyaya da ba ku iya barin dabbobi, irin waɗannan wasanni ba kasafai ake nuna su a talabijin ba. Ku bar rediyo a kunne bayan isha'i, in sakamako ya iso mana za mu karanto muku, da wanda ya ci da minti nawa aka ci.