Fasahar Nano da Matsalar Maganin da Ba Ya Narkewa a Ruwa

Ƙwayar maganin da aka haɗiya ba ta isa jini sai ta narke a cikin hanji. Masana haɗa magunguna na kiyasin cewa kusan kashi 40 cikin 100 na magungunan da ke kasuwa ba sa narkewa sosai a ruwa, kuma a cikin sababbin da ake kan gwadawa adadin ya zarce haka nesa. Duk wanda ya sha Coartem don zazzaɓin cizon sauro ya gamu da wannan matsala ko bai sani ba. Ana cewa a sha shi da madara ko abinci mai maiƙo ne saboda sinadarin lumefantirin da ke cikinsa ba ya shiga jini yadda ya kamata sai da taimakon kitse. Mai zazzaɓi kuwa sau da yawa ko kunu ba ya iya sha.

Matsalar ta ƙaru ne tun shekarun 1990, lokacin da kamfanoni suka koma tace dubban sinadarai da injuna don neman wanda zai kama cuta. Waɗanda suka fi kamawa galibi masu son maiƙo ne, masu gudun ruwa. Sai a samu sinadari mai ƙarfi a ɗakin gwaji, amma a jikin mutum ya bi bayan gida ya fice.

Hanya ta farko da aka bi ita ce niƙa. Dunƙulen kanwa yakan daɗe a ruwa, dakakkiya kuwa nan take take narkewa, domin ruwa ya samu wuraren taɓawa da yawa. Haka ake niƙe magani har ƙwayarsa ta koma 'yan ɗaruruwan nanomita (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), sannan a lulluɓe ta da abin da zai hana ƙwayoyin sake curewa. Da wannan dabara aka fitar da ƙwayar Rapamune a shekarar 2000, sai Tricor na rage kitsen jini a 2004, wanda ba ya buƙatar a sha shi da abinci.

Hanya ta biyu ita ce a ɗora maganin a kan abin da jini ya saba da shi. Maganin cutar kansa mai suna Taxol, wanda Amurka ta amince da shi a 1992, ana narkar da shi ne a wani sinadari da aka sarrafa daga man zurma. Wannan sinadari kan tayar wa wasu da borin jini mai haɗari, don haka sai an riga an ba majiyyaci magungunan kariya, a kuma yi masa ƙarin ruwa na awa uku. A 2005 aka fito da Abraxane, inda aka haɗa maganin da furotin albumin a ƙwayoyi masu girman nanomita 130. Minti 30 ya isa, ba a kuma buƙatar waccan kariya.

A ganina, inda fasahar ta fi taɓa rayuwar talaka shi ne maganin amfoterisin. Tsohon magani ne mai kashe fangas, amma tsohon haɗinsa yana lalata ƙoda, ya jawo ƙarancin jini, ya sa karkarwa. Da aka cusa shi cikin 'yan ƙwallayen kitse, aka samu AmBisome, wanda ƙoda ta fi jurewa. Wani gwaji da aka yi kan mutum sama da 800 a Botswana, Malawi, Afirka ta Kudu, Uganda da Zimbabuwe ya nuna cewa ƙarin ruwa sau ɗaya tak na wannan haɗi, tare da ƙwayoyin sha na mako biyu, bai gaza tsohon tsarin kwana bakwai ba wajen ceton masu sanƙarau na fangas da ke kama masu ƙanjamau, illarsa kuma ta fi sauƙi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi zaɓi na farko. Da shi kuma ake jinyar masu juna biyu da waɗanda cutar kala-azar ta galabaitar a wurare irin su Gadarif ta Sudan.

Sai dai an yi ta zuzuta cewa ƙwayoyin nano za su ɗauki magani su kai shi kan ƙari kai tsaye, su bar sauran jiki lafiya. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen dabbobi na shekara goma ya gano cewa kusan kashi 0.7 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi allurarsa ke isa ƙarin. Hanta da saifa ke kwashe mafi yawa. Shi ma Abraxane bai raba majiyyata da mutuwar yatsu ba. Akwai kuma lissafin kasuwa: sabon haɗi yakan ba kamfani sabon haƙƙin mallaka kan tsohon magani, farashi ya sake hawa.

Tsadar ba ta tsaya nan ba. Kwaikwayon irin waɗannan magunguna yana da wuya, domin ba sinadarin kaɗai za a daidaita ba, har girman ƙwaya da lulluɓinta, shi ya sa masu araha ke jinkirin fitowa. AmBisome kuma ba a ajiye shi a zafin da ya wuce digiri 25, alhali a bazara ma'ajiyar asibiti a Sakkwato ko Maraɗi ko Gadarif tana haura wannan sosai. Ya kamata ma'aikatun lafiya da jami'o'inmu masu tsangayar haɗa magunguna su sa ƙarfinsu kan haɗin da ke jure zafi, kuma su matsa a rage farashin waɗanda aka riga aka tabbatar suna ceton rai.