Yadda ake gane mararraba mai yawan hatsari

Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram tana da mararraba da yawa. A Tsarnawa hanyar Tawa take rabuwa. A Takeita kuma ta Matamai take rabuwa. A irin waɗannan wurare ne motoci, babura, amalanke da dabbobi suke haɗuwa. Amma wata mararraba ta fi wata cin mutane. Yaya ake gane ta?

Da farko, jandarma suna rubuta kowane hatsari: wurin, ranar, lokacin, da yawan waɗanda suka ji ciwo ko suka mutu. Ana tara lissafin shekara 3 zuwa 5, don shekara ɗaya ba ta isa ba.

Na biyu, ana ƙidaya motocin da ke wucewa. Misali: ga mararraba biyu, kowace an yi hatsari 10. Ta farko mota 1000 ke bin ta a yini, ta biyu mota 100. To, ta biyu ita ce mafi muni.

Na uku, ma'aikatan hanya suna zuwa su duba da ido. Ko itatuwa sun tare wa direba gani? Ko kasuwa ta cinye bakin hanya? Ko allon tsayawa ya faɗi? In an gano dalili, sai a gyara.

Mutanen gari ma suna da aiki. Ko hatsari ƙarami ne, a gaya wa maigari, shi kuma ya sanar da jandarma. Hatsarin da ba a rubuta ba, ba ya shiga lissafi, wurin kuma ba zai samu gyara ba.