Kakin Soja Domin Kuɗin Karatu: Lissafin da Ba Ya Fita a Agege

A Zangon Agege, tazara kaɗan daga barikin Ikeja, magidancin da kuɗin karatun likita ya gagara kan yi wa uwargida zancen Amurka. Can, tun 1972 gwamnati ke biya wa ɗalibin likita kuɗin makaranta, shi kuma ya rama da shekarun aiki cikin kaki.

A Najeriya lamarin a juye yake. Ɗaukar kurata a Zariya ta marasa aure ce, galibi 'yan shekara 18 zuwa 22, don haka mai iyali ya makara. Ƙofar hafsoshi ta DSSC kuwa sai wanda ya riga ya kammala digiri da bautar ƙasa. Wato rundunar likita take nema, ba ɗalibi ba.

Wanda ya samu shiga da wani digirin, albashi zai tara, kuma ba shi ke zaɓen wurin aiki ba. In aka tura shi Borno, uwargida ce za ta riƙe haya da yara a Legas, karatun kuma ya jira. Tun 2024 akwai rancen NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, wanda bai tambayi aure ba.