Wankin Mota na Zamani a Sakkwato: Yadda Ake Yanka Farashi da Amsa Tambayar "Nawa Ne?"

Wankin mota tsohuwar sana'a ce a Sakkwato, amma abin da ake kira wanki a yau ya rabu gida biyu, kuma daga nan gardamar kuɗi take tasowa. Akwai wankin da kowa ya sani: ruwa, kumfa, soso, tsumma, a kakkaɓe kafet, a goge dashbod, mai mota ya kama gabansa cikin minti arba'in. Sai kuma wankin ƙwaƙwaf, wanda masu sana'ar ke kira ditelin, inda ake bin mota lungu-lungu da na'urori. A zuƙe dattin cikin kushin, a wanke silin, a goge fenti da inji har ƙananan karce su ɓace, a dawo da hasken fitilun da suka yi jawur. Wannan yakan ci rabin yini, wani lokacin yini guda cur.

A wata unguwar cikin gari, mai mota zai tsaya bakin rumfa, ya sauke gilashi ya ce, "Malam, nawa na wankin wagga?" Wankin farko yake nufi. Idan mai wurin ya amsa masa da kuɗin na biyu, ciniki ya watse tun kafin a fara. Idan kuma ya faɗi kuɗin na farko, daga baya aka tarar yara sun zubar da kunu a kushin tun watan jiya, to mai wanki ne zai kwana ciki.

Abin da ke cin kuɗin

Man fetur ne kan gaba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, farashin lita a hukumance bai kai naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Wutar kamfanin Kaduna Electric, wanda ke ba Sakkwato da Kabi da Zamfara da Kaduna lantarki, ba abin da mai sana'a zai jingina aikinsa a kai ba ce, don haka janareta ne ke riƙe da yawancin wuraren wanki. Matsakaicin janareta yana shan kusan lita ɗaya a awa. Bayan haka ga faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023, alhali injinan da sinadaran gogewa kusan duk daga waje ake shigo da su.

Ruwa ma ba kyauta ba ne. Ƙaramin injin feshi na kamfanin Kärcher, samfurin K2, yana fitar da kimanin lita 360 a awa, wato lita shida a kowane minti. Minti goma na feshi ya cinye lita 60, kusan jarka biyu da rabi ta 'yan garuwa ke nan. Wanda ke da rijiyar burtsatse yana ganin kamar ya tsira, amma famfon da ke ɗaga ruwan zuwa tanki da mai yake aiki shi ma.

Sai dai abin da ya fi kowanne tsada shi ne wanda ba a gani da ido: lokacin da mota ta ɗauka tana tsaye a rumfar.

Ga misali da alƙaluman ƙiyasi kawai, kowa ya sa na wurinsa. A ce wankin Corolla na yau da kullum yana cin ruwan naira 300, man janareta na 350, sabulu na 200, ladan yara biyu 1,000, sai 500 da ake warewa don haya da lalacewar inji. Jimla 2,350. Idan an karɓi 3,000, riba 650 ce, cikin minti arba'in.

Yanzu a kawo wannan Corolla ɗin wankin ƙwaƙwaf na awa shida. Janareta zai yi awa huɗu yana aiki, mai na 4,000. Sinadarai na 5,000, ruwa na 500. To amma a cikin awa shidan nan, da motoci tara aka wanke a wurin da take tsaye. Ladan yara na motoci tara 9,000 ne, kason haya da inji 4,500, ribar da ta wuce kuma 5,850. Idan aka haɗa, 28,850. Ma'ana duk mai wankin da ya karɓi dubu goma sha biyar a kan wannan aiki yana murnar ya kama babban ciniki, gara a ce ya yini yana ƙaramin wankinsa.

Lissafin yana da sharaɗi guda: sai in rumfar cike take. Safiyar Juma'a, ko jajibirin Sallah, ko ranar da ake da ɗaurin aure a unguwa, gaskiya ne motoci tara za su zo. Ranar Talata da hantsi kuwa ba lallai ba. Shi ya sa mai wankin da ya san lissafinsa yake tura dogon aiki zuwa farkon mako, ya yi ragi a ranakun ba tare da ya taɓa uwar kuɗinsa ba.

Girman mota ba shi ne ma'auni ba

Galibin allunan farashi suna kasa motoci ne bisa girma: ƙarama, jif, bas. A wankin yau da kullum hakan ya wadatar. A wankin ƙwaƙwaf kuwa halin da motar take ciki ya fi girmanta muhimmanci. Highlander ɗin ma'aikacin banki da ke kwana a gareji za ta iya fin sauƙin aiki a kan ƙaramar Golf da ke jigilar albasa daga Wurno ko Goronyo, ko Sharon da aka ɗauko raguna a bayanta daga kasuwar Illela. Wari ba ya fita da turare. Sai an ciro kafet, an fesa ruwan sabulu cikin soson kujera, an sake zuƙe shi da inji, sannan a bar shi ya bushe sarai.

Yanayin garin ma yana shiga farashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana sauka a kan komai, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Yaron da ke share mota da busasshen tsumma kowace safiya, yana ganin gata yake yi wa maigida, shi ne ke zana waɗannan siraran zobba da ake hangowa a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta. Motar da ke yawan zuwa wajejen Kalambaina, inda masana'antar siminti take, tana da nata ciwon: ƙurar siminti in ta haɗu da raɓa ko yayyafi sai ta kama fenti, soso ba ya fitar da ita. A watannin Maris zuwa Mayu kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan wanki yana bushewa a jikin mota kafin tsumma ya iso, ya bar farin tabo na gishirin da ke cikin ruwan burtsatse. Akwai 'yar na'ura mai kamar biro da ake tsomawa a ruwa ta nuna yawan wannan gishiri. Ba ta da tsada, kuma tana gaya wa mai wanki ko ruwansa ne ke ɓata masa aiki.

Na'urar da ke raba gardama

Gogen fenti shi ne aikin da ya fi kawo kuɗi, shi ne kuma ya fi haɗari. Fentin da mota ke fitowa da shi daga masana'anta siriri ne ƙwarai, galibi tsakanin maikiron 100 zuwa 150, kusan kaurin gashin kai biyu. Shafen sama mai ɗaukar ido, wanda masu fenti ke kira kiliya, bai fi maikiron 40 zuwa 50 daga ciki ba. Injin gogewa ba cike karce yake yi ba. Kankare kiliyar da ke kewaye da karcen yake yi har wurin ya daidaita. Duk gogewa tana rage ta, kuma ba ta tsirowa.

A nan na'urar auna kaurin fenti take da amfani. Girmanta bai kai na wayar hannu ba. Ana ɗora bakinta a jikin ƙarfe, ta nuna lamba nan take. Idan ƙofa ta nuna 120, ƙofar kusa da ita ta nuna 300, an taɓa sake wa ta biyun fenti. Idan lambar ta yi sama ƙwarai, akwai fila a ƙarƙashi, alamar motar ta taɓa buguwa. Idan kuma ta yi ƙasa da na sauran jikin motar sosai, an riga an goge wurin har ya kusa ƙarewa, kuma sa masa inji ganganci ne. Masu araha daga cikin na'urorin ba sa karanta bambar roba, ƙarfe kawai.

Ga motocin Kwatano da suka bi ta hannu uku ko huɗu, wannan awo na minti biyar yana sauya maganar kuɗi gaba ɗaya. Maimakon "ka yarda da ni, Alhaji", sai a nuna masa lamba: nan za a goge, nan ba za a taɓa ba, ga dalili. Mutum ya fi saurin biyan abin da ya gani da idonsa.

Shafen siramik, ruwan nan mai sinadarin silika da ke daskarewa a kan fenti, shi ne ake yawan zuzutawa fiye da kima. Yana sa ruwa da datti su zame, yana sauƙaƙa wanki, amma ba ya hana tsakuwa ko kan babur ɗin ɗan kabu-kabu yin karce. Alamar 9H da ake bugawa a kwalinsa ma'aunin taurin fensir ce. Kuma yana buƙatar rufaffen wuri marar ƙura, da aƙalla yini guda ba tare da ruwa ya taɓa motar ba. Wanda ya ce zai shafa shi a buɗaɗɗiyar rumfa cikin watan Janairu, ƙura zai manne wa mota. Mai mota yana da haƙƙin a nuna masa kwalbar, a buɗe ta a gabansa.

Amsa tambayar tun a waya

Yawancin tambayar farashi yanzu ta WhatsApp take zuwa. Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, kuma tun 2019 tana da kundin kaya inda ake jera ayyuka da hoto da farashi. Ayyuka uku sun isa: wankin waje da ciki, wankin ƙwaƙwaf na ciki, da gogen fenti. Na farko a sa masa tsayayyen farashi. Sauran biyun a rubuta "daga naira kaza", domin sai an ga mota.

Amsar da ta fi aiki ga "nawa ne?" ita ce a nemi hoto huɗu: kujerun gaba, kujerun baya, but, da jikin motar a cikin rana. Daga nan a ba da farashi tsakanin kaza zuwa kaza, a faɗi awa nawa aikin zai ci. Da yawan abokan ciniki sun fi son saƙon murya a kan rubutu, kuma saƙon murya ma shaida ne idan gardama ta taso. Abin da ke kashe kasuwa shi ne "kawo ta mu gani, ba za mu ɓata ba". Mai mota yana jin haka ya san farashin zai danganta da irin shaddar da ya sa.

Taya ba laifi ba ne, al'adar ciniki ce, kuma wanda ya ƙi ragi ƙememe zai rasa mutane. Dabarar ita ce ragin kuɗi ya tafi tare da ragin aiki. Idan Hajiya ta ce dubu goma sha biyar take da shi, sai a ce, "To Hajiya, a wannan kuɗin za a yi kujeru da kafet, silin da fitilu sai wani zuwan." Ta samu abin da kuɗinta ya saya, mai wanki bai yi asara ba, kuma ba a koya mata cewa farashin farko ƙarya ne ba. Gyara kuma, in za a yi, a yi ta da abu mai sauƙi kamar man taya.

Kafin a taɓa mota, bidiyon minti ɗaya yana da daraja: a zagaya ta da waya a gaban mai ita, a ɗauki tsofaffin karce, tsagar gilashi, allurar mai, da fitilun gargaɗin da ke kunne a dashbod. A roƙe shi ya kwashe kuɗi da takardu. Idan ana cikin aiki aka ci karo da abin da ba a yi magana a kai ba, kamar tsatsa ko ruwa kwance ƙarƙashin kafet, a tsaya a tura hoto, a jira amsa. Ƙarin kuɗin da aka sanar bayan an gama aiki, ko da na gaskiya ne, kamar ƙwace yake a idon mai biya. A dogon aiki kuwa kafin alƙalami na kuɗin sinadarai ba rashin yarda ba ne. In ta tiransifa aka biya, a duba shigar kuɗin a cikin manhajar OPay ko Moniepoint ko ta banki, domin saƙon tes da hoton rasit duk ana iya ƙirƙirarsu.

Wankin inji kaɗai ya kamata a ware masa magana daban. Motocin yanzu cike suke da na'urorin lantarki: ƙwaƙwalwar mota, koyil-koyil na filogi, altaneta, akwatin fiyus. Ruwa mai ƙarfi daga injin feshi yana ratsa robar da aka rufe su da ita, musamman a tsohuwar mota da zafin Sakkwato ya busar wa robobi. Wankin da ya dace yana buƙatar a bar inji ya huce, a lulluɓe waɗannan sassa da leda, a yi amfani da burushi da ruwa kaɗan ko tururi, sannan a busar da iska. Aikin kusan awa guda ne, don haka ba zai zama gyara a kan wankin dubu uku ba. Wurin da ke yin sa kyauta cikin minti biyar, da bakin feshi kai tsaye yake yi, kuma idan motar ta ƙi tashi, kuɗin koyil ɗaya ya fi ribar wanki da yawa, ga kuma rigimar wanda zai biya bakanike.