Shin Haske Yana Maganin Albaras?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Tudun Wadan Zariya, ya aiko da wasiƙa cewa farin tabo ya fito wa 'yarsa a fuska, har maƙwabta sun fara ƙyamar cin tuwo da ita. Ya ji an ce haske yana magani, to ko ya riƙa zaunar da ita a rana?

To malam, kul, kada ka yi haka. Gaskiya ne likitoci suna maganin albaras da wasu cututtukan fata da haske. Tun a 1903 likita Niels Finsen na ƙasar Denmark ya sami lambar yabo ta Nobel a kan magani da haske. Amma fa fitila ce ta musamman a asibiti. Ana auna hasken, a rufe idanu da tabarau, a haska wurin 'yan mintoci, sau 2 ko 3 a mako. Hasken yana tayar da ƙwayoyin da ke ba fata launi, sai an yi watanni kafin a ga canji. Rana kuwa ba ta da ma'auni, ƙona wurin za ta yi.

Ka gaya wa maƙwabta albaras ba kuturta ba ce, ba a ɗaukar ta. Ka shafa auduga a kan tabon. In ba ta ji ba, maza ka kai ta asibitin kuturta na Saye, maganin kyauta ne. In ta ji, ku nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Shika.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ba ta lafiya.