Bazarar Jidda Ba Irin Ta Gida Ba Ce: Jan Kunne Ga 'Yan Barga

Jama'a, ga sanyi ya wuce. Wanda ya fita bayan gari kwanakin nan, ya bi hanyar Usfan, ko ta Bahara wajen Wadi Fatima, zai ga 'yar ciyawar da ta tsiro a bakin kwaruruka ta soma ja. Larabawa su kan kira wannan lokaci rabi'i, mu kuwa mu kan ce bazara, don ba mu da wani suna da ya fi kusa. To, a kan wannan suna ne mu ke so mu ja kunnen 'yan'uwanmu masu aikin dawaki a bargogin ƙauye, musamman samarin da ba su daɗe da zuwa ba, gama suna ya kan ruɗi mutum.

A gida, ko Kano ko Katsina ko Maraɗi, in bazara ta kama, mai doki ya san wahalar wata biyu ce ko uku. Ya lallaɓa dabbarsa da harawa da ingirici da 'yar dawa, ya jiƙa mata kanwa, ya zuba ido gabas. Kafin Yuni ya ƙare hadari ya haɗo, sabuwar ciyawa ta fito, doki ya murmure. A nan kuwa abin a juye ya ke. Ɗan ruwan da Jidda ke samu tsakanin Nuwamba da Janairu ya kan sauko, kuma a yawancin shekaru bai fi inci 2 ko 3 ba, ko da ya ke wani sa'i ya kan zo gaba ɗaya ya yi ɓarna, kamar yadda ya yi a 2009 da 2011. Bayan rabi'i ba damina. Zafi ne da laimar Bahar Maliya har Oktoba. A watan Yuni na 2010 ma'aunin zafi ya kai 52 a garin nan. Saboda haka Maris da Afril ba lokacin haƙuri a jira ruwa ba ne, lokacin shirya doki ne domin ya iya ɗaukar abin da ke tafe.

AIKIN YINI

Da sanyin safiya a ke kama fara. Ɗan barga na ƙwarai da ya sallame sallar asuba sai barga. Kafin ya taɓa kome ya kan tsaya ya dubi dawakinsa ɗaya ɗaya: wanne ya cinye abincin dare, wanne ya rage, wanne ya yi kashi, wanne bai yi ba. Sa'an nan ya wanke kwamin ruwa ya cika shi. Babban doki ya kan sha lita 25 zuwa 40 a yini, in zafi ya tsananta kuwa ya kan kusa ninka wannan. Ruwan ƙauye sau da yawa da mota a ke kawo shi a zuba a tanki, tanki kuwa in yana cikin rana, kafin azahar ruwan ya yi zafin da doki zai sunsuna ya kau da kai. Yanzu ne ya kamata a yi wa tanki rumfa.

Kilisa kuma a mai da ita sassafe, ko bayan la'asar sakaliya. Da an dawo a kwance majayi, a sauke sirdi, a duba gadon baya ko akwai miki, a zuba wa doki ruwa tun daga ƙafafu har jiki. Watan nan ne su ke zubar da gashin sanyi, don haka a goge su kullum, gama tsohon gashi da gumi da ƙura in sun haɗu su ke kawo ƙaiƙayi. A ɗaga kofato a ƙwaƙule, a kira mai gyaran kofato kowane mako 6 zuwa 8. A kwashe kashi safe da yamma a kai shi nesa, don ƙudaje yanzu su ke soma yawa, kuma su ne ke ɓata ido da miki. Ranar da iskar kudu ta taso, wadda mutanen nan ke kira azyab, mai zafi da ƙura, a bar hawa, a ɗan yayyafa wa busasshiyar ciyawa ruwa kafin a ba su.

MAGANAR ABINCI

Abincin doki a nan ba dawa da harawa ba ne, sha'ir ne da barsim da busasshiyar ciyawa ta dami. Tun daga 2018 gwamnati ta taƙaita noman ɗanyar ciyawa a manyan gonakin ƙasar nan domin tsimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ciyawa mai yawa a jirgin ruwa ta ke zuwa daga ƙasashen waje. Ma'anar wannan ga ɗan barga ita ce, damin da aka kawo wannan wata ba lalle ya zama irin na watan jiya ba. Cikin doki kuwa ba ya son sauyi farat ɗaya. In an kawo sabon abinci a garwaya shi da tsoho kaɗan kaɗan, har kwana 7 ko 10. Dokin da ya kai kilo 400 yana bukatar kilo 6 zuwa 8 na ciyawa a yini, a rarraba masa, kada a jibga masa gaba ɗaya.

Mun ga abin da garaje ke jawowa da idonmu. Wani yaro daga cikinmu, mai ƙoƙari, mai tausayin dabba, ya sami ɗanyen barsim da araha, ya tuna yadda a ke murnar sabuwar ciyawa a gida, sai ya cika wa wani aharas gaba, dokin da ya yi wata da watanni bai ɗanɗana ɗanye ba. Kafin isha doki ya soma tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana neman ya kwanta ya yi birgima. Allah ya sa wani dattijo na kusa, ya ce a ɗauke abinci, a riƙa zagawa da shi a hankali, a kira likitan dabbobi nan da nan. Doki ya tashi, amma yaron ya kwana tsaye, kuma da ƙyar aka roƙi mai barga ya bar shi a bakin aikinsa. Doki ba ya amai, jama'a. Abin da ya shiga ya shiga, shi ya sa ciwon ciki ke kashe shi.

Har wa yau kada a zuba abinci a kan rairayi. Doki ya kan haɗiye rairayin tare da ƙwaya, ya taru a hanji sannu sannu, sai ranar da ya toshe. A sa a kwami ko a kan tabarmar roba. A ajiye masa gishirin lasa kuma, don abin da gumi ke fitarwa sai an mayar.

ABIN DA BA MU SANI BA A GIDA

Akwai wata cuta ta ƙasashe masu zafi da laima wadda yawancinmu ba mu saba da ita ba, watau doki ya daina gumi. Sai ka ga an dawo kilisa sauran dawaki sun jiƙe sharkaf, shi kuwa jikinsa a bushe, yana haki, hancinsa a buɗe. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan ingarma ne, ba ya gajiya. Ina! Wuta ce ke cinsa a ciki. Zafin jikin doki lafiyayye tsakanin 37.5 ne da 38.5. Kowace barga ta ajiye ma'aunin zafi, kowane ɗan barga ya koyi sa shi. In an ga wannan alama a kai shi inuwa, a yi ta zuba masa ruwa, a gaya wa mai shi tun da wuri.

GOƊIYA DA ƘURU

In yini ya soma tsawo goɗiyoyi ke neman namiji, cikinsu kuwa wata 11 ne, saboda haka haihuwa ma ta fi yawa a wannan lokaci. Duƙushi lafiyayye ya kan miƙe cikin sa'a ɗaya ko biyu ya kama nono. Wannan dakashi na farko shi ne garkuwarsa, in bai sha ba kada a jira gari ya waye. A tanadar wa uwa da ɗa inuwa tun yanzu.

Ƙuru kuma, watau ƙananan dawakin nan da a ke koya wa yara hawa a kansu, kada ƙanƙantarsa ta sa a raina shi. Shi ba yunwa ke kayar da shi ba, ƙoshi ne. Sha'ir da ɗanyen barsim in sun yi masa yawa sai ya yi ƙiba, ciwo ya sauka a kofatonsa, ya kasa taka ƙasa. In yara sun zo hawa da rana tsaka a ba iyayensu haƙuri.

AMANA

Kowa ya san darajar doki a ƙasar nan. Tun 1965 aka kafa kulob ɗin sukuwa a Riyad, kuma daga 2020 a ke yin sukuwar Kofin Sa'udiyya ta dala miliyan 20. Da zafi ya kama, sukuwa ta kan koma Hawiyya kusa da Ɗa'ifa, bisa duwatsu inda iska ke da sanyi. To, dokin mai hali ke nan. Amma dokin ƙauye da ƙurun yara ba mai kai su Ɗa'ifa. Inuwarsu da ruwansu suna hannun wanda ke kwana kusa da su, sau da yawa kuwa ɗanmu ne.

Iyayenmu da suka keto Sudan a ƙasa suka haye teku zuwa nan ba su zo da dukiya ba, da riƙon amana aka san su. In doki ya lalace a hannun ɗayanmu, ba sunansa kaɗai zai ɓaci ba, na zango ne duka. Don haka mu ke roƙon dattawan da suka daɗe a wannan aiki su ja sababbin zuwa a jiki, su kuma samari kada su ji kunyar tambaya. In ba ka san gari ba, saurari daka.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya sa mu ga bayan zafin bana lafiya, mu da dabbobin da ke hannunmu. Amin.